Ranar da Malam Fasfo Ya Ɗauko Uban Wani

Sunan maigidana Issoufou. To, na faɗa sau ɗaya, ku riƙe, don ba zan maimaita ba. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunan nan gatsau ba, ba kuma yau da furfura zan fara rashin kunya ba. Malam nake ce masa. Ni ce Zouera, 'yar Damagaram, wadda Allah ya jarrabta da zama da mutumin da ya san asalin kowa a duniya.

Direba ne a nan Riyad. Ya zo tun gashinsa na baƙi. Ya ja motar ruwa, ya ja motar 'yan makaranta, ya ja wani tsohon Balarabe mai raƙuma har tsohon ya koma ga Allah. Daga baya ya samu shiga Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda mutanen kowace ƙasa ke zaune a bayan shinge da masu gadi. A can ciwon ya kama shi.

Ciwon kuwa shi ne karanta fuska. Malam ya yarda har cikin ransa cewa kallo ɗaya zai yi wa mutum ya faɗi ƙasarsu. Har da tsari gare shi: ya fara da kunne, ya koma hanci, sannan ya zagaya ya duba ƙeya. Muna tafe a kasuwar Batha ina cigiyar kuka da daddawa, sai in ji an zungure ni.

"Zouera, kin ga wancan? Ɗan Sirilanka ne. Dubi ƙeyar."

"To, je ka tambaye shi mana."

"In tambaya? Ni? Don me?"

Kun ji inda gizo ke saƙar. Bai taɓa tambaya ba, don haka bai taɓa yin kuskure ba. Ya haddace gaisuwar ƙasashe barkatai, yana jefa wa bayin Allah a hanya, su kuma su ɗaga masa hannu don kawai su rabu da shi, shi kuwa ya juyo yana washe baki: "Kin gani ko? Ya amsa." Abokansa na wurin mai shayi a Ulaisha, su Harouna, suka laƙaba masa Malam Fasfo. Da zolaya suka sa masa, shi kuma ya karɓa kamar an naɗa masa rawani.

Duk wannan shirme ne, ina dariyata ina wucewa. Ranar da shirmen ya shigo mini gida ne dariyar ta ƙare.

Autarmu Raliya a nan aka haife ta. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausar kuwa sai ta tsaya ta lalubo. Ta auri Shakir, yaro mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji daga ƙasar Jawa, can gabashin duniya, tun da daɗewa suka zauna. Yaro mai ladabi, ba ya ɗaga ido a gaban manya. Malam da kansa ya ba shi auren, ko da yake ni na san abin da ya sace zuciyarsa: a tsakiyar zafin nan mai narkar da takalmi Shakir ya tayar mana da na'urarmu bayan ta mutu murus.

Ranar wata Juma'a Raliya ta sauka, namiji. Muka je asibiti. Ni ina ta guɗa ƙasa-ƙasa don kada a kore mu. Malam ya matso kan gadon jariri, ya harɗe hannu a baya. Ya duba kunne. Ya duba hanci. Ya leƙa ƙeya. Sai ya ja da baya, ya gyara murya, ya ce, "Masha Allah. Kyakkyawan yaro. Allah ya raya."

Wanda bai san mu ba zai ce ai ya yi magana mai daɗi. Wallahi gara a ce mari ya kai wa yarinyar nan. A wurinmu kaka ba ya yabon jika. Tsokanarsa yake yi, ya kushe shi, ya ce ga mummuna ya zo ƙwace masa mata. Da yayar Raliya ta haihu a Damagaram, ta waya Malam ya dinga ce wa jaririn mai kan tulu, yana dariya har da tari. "Kyakkyawan yaro, Allah ya raya" kuwa, abin da ake gaya wa ɗan maƙwabta ne. Raliya, duk da guntuwar Hausarta, ta san wannan. Ta juya fuska ta kalli bango. Malam kuwa ko hannu bai kai wa yaron ba.

Washegari Shakir ya zo gida, ya durƙusa, ya ce shi da matarsa suna so su yi wa Baba takwara, in ya yarda, a sanar ranar suna. Malam ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "Mu gani."

Yaro na fita na rufe ƙofa na juyo. "Mu ga me, Malam?"

"Zouera, na duba. Babu mu a fuskar nan. Ido na Jawa, hanci na Jawa, launi kamar shayin da aka cika wa madara. Yaya zan ɗora sunana a kan fuskar da in na gamu da ita a hanya, da yaren wasu zan gaishe ta?"

"Ikon Allah! Ina tsaye aka fito da shi daga jikin 'yarka!"

"Ban ce ba nata ba ne. Cewa na yi ba ni a ciki."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na dafa masa tuwo da miyar kuka, na hana shi tuwo da miyar kuka. Ko gezau. Raliya ta daina kiran wayarsa. Ni take kira, ta ce, "Inna, Baba ya ce wani abu?" In ce mata yana tunani. Raina ya ɓaci ƙwarai a makon nan, har barci ya ƙaurace mini. Suna na matsowa, ango babu suna.

To, bari in kawo muku Madam Neuza, don ita ce uwar ɗakin Malam a lokacin. 'Yar Brazil ce, tana aiki da wani kamfani mai shigo da kajin sanyi, tana haya a cikin unguwar jakadun. Mace mai fara'a, baƙa mai sheƙi, gashi cunkus. Kafin ya fara ja mata mota, abu biyu Malam ya sani game da Brazil: ƙwallo da kaji. Amma ranar farko ya dawo gida yana rawar jiki.

"Zouera, matar nan jininmu ce. Na duba kunnen. In ba Damagaram ba, to ba ta wuce Mirriya."

"Ba ta ce maka Brazil ba?"

"Haka aka gaya mata."

Ana cikin rikicin sunan nan sai Madam ta ce mahaifinta zai zo ganinta ranar Laraba da hantsi, ita kuma tana da taron da ba za ta iya bari ba. Tsoho ne, ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci. Ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a kan kwali ta ba Malam, ta kuma tura masa hoton tsohon ta waya.

Kwalin nan a kan firij ɗina ya kwana. Da safe na ce, "Malam, ga kwalinka."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ni zan tsaya a filin jirgi ina ɗaga kwali kamar sabon zuwa? Su Harouna su ji?"

"To ka buɗe hoton?"

"Hoto na masu makantar zuciya ne. Na san fuskar 'yarsa, me ya rage?"

Ya fice yana saɓa hula. Ni kuwa na ga kwali mai kauri zai yi asara, na ɗauka na shiga fifita garwashin turaren wuta da shi.

Abin da ya faru a filin jirgi daga baya na tattara shi, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa. Jirgin ta Habasha ya biyo, ya kwaso mutanen ƙasashe da yawa. Malam ya tsaya a bakin ƙofar fitowa, hannu a baya, yana tantance jama'a. Wani ɗan tsamurmurin tsoho mai ƙananan idanu da farin gashi ya tsaya a gabansa yana waige-waige. Malam ya duba kunne, ya gaishe shi da gaisuwar mutanen Sin, ya kama kafaɗarsa a hankali ya matsar da shi gefe don yana tare masa hanya.

Can sai ga wani dogon tsoho baƙi wuluk ya fito yana jan akwati, sanye da rigar ƙwallo ruwan ɗorawa mai koren wuya. Zuciyar Malam ta ce ga shi nan. Ya tare shi, ya dafa ƙirji, ya sako kalmomi biyun da ya koya a wurin Madam, gaisuwa da kiran uba.

"Bon jiya! Papa?"

Tsoho ya gyaɗa kai. Malam ya karɓe akwati, ya buɗe masa ƙofar baya, suka kama hanya. Ya miƙa masa ruwa, tsoho ya karɓa bai ce uffan ba. Ya nuna masa dogayen gine-gine yana cewa "Riyad, Riyad," tsoho ya gyaɗa kai. Ya yi kamar yana buga ƙwallo da ƙafarsa ta hagu, ya ɗaga babban yatsa, tsoho ya kawar da kai ya kalli taga.

Daga nan ne na shigo, don Malam ba zai iya cin nasara shi kaɗai ba. Ya kira ni, ya sa wayar a amsa-kuwwa, ya ajiye a gaban mota.

"Zouera, ina kwalinki? Kallo ɗaya! Ga shi nan a baya. Hancin Madam sak, kamar an cire an manna."

"To madalla. Yaya tsohon?"

"Lafiya lau, sai dai ba ya magana. Kuma kin san mutanen can ba su da ta-ido. Tsoho da shi, ya kusa kabari, ya zuba rigar ƙwallo kamar ɗan bana-bakwai. Ga ƙafafu kamar sandunan rake."

Sai na ji wata murya mai kauri daga nesa, da Hausa tsantsa, irin ta mutanen yamma da mu: "Kai yaro. Mi ya dame ka da rigata?"

Na ji ƙarar birki. Na ji masu mota na ta danna oda. Na dafe ƙirji ina salati. Ku a tunaninku Malam ya gane? Sai ji na yi ya ƙwala ihu don murna:

"Zouera! Kin ji? 'Yan Brazil na jin Hausa! Me na gaya miki? Na ce miki jininmu ne!"

"Wace Burazil?" in ji tsohon. "Daga Tasawa nike. Almustafa sunana. Ina ɗana Zainulabideen? Ba shi ya aiko ka ba?"

Ni dai na zame na zauna a ƙasan kicin, dariya ta hana ni numfashi, hawaye na zuba. Allah ya yafe mini, makon nan kaf ban yi dariya ba sai a lokacin.

Ashe Alhaji Almustafa ɗansa ya zo gani, ɗalibi mai karatun hadisi a jami'a. Yaron ya ja masa kunne tun daga gida: Baba, ƙasar mutane ce, kada ka yi surutu da kowa, za a zo a ɗauke ka. Rigar kuwa, shayi ne ya kife masa a babbar riga a cikin jirgi, ya laluba jaka ya ci karo da tsarabar da ya sayo wa jikansa, ya zura. Ya ga mutum ya tare shi da wani yare, ya ɗauka Larabcin Riyad ke nan. Hausawa biyu, garuruwansu ba su da nisa da juna, sun yi tafiya mai tsawo suna yi wa juna maganar kurame.

"Yanzu ina uban Madam?" na tambaya da na samu numfashi.

"Zouera," in ji Malam da wata 'yar siririyar murya, "karanto mini sunan da ke kan kwalin nan."

Na duba kwali. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗayan ya yi baƙi da hayaƙi. Ko da bai ƙone ba, yaushe na iya karatun boko? Na ce masa ya buɗe hoto. Ya ce zai gane shi in ya koma. Alhaji Almustafa ya ce daga baya, "Kai dai buɗe hoton, Malam mai ido. Ka ga inda idon ya kai mu."

Bai buɗe ba. Taurin kan mutumin nan sai dutse. Suka juya filin jirgi, Alhaji na yi masa tsiya tun daga kan gada har wurin ajiye motoci: ya tambaye shi ko shi ma ɗan Burazil ne, ya tambaye shi a wace makaranta ya yi karatun ƙeya.

Da suka shiga, sai ga wani dogon saurayi da farar jallabiya ya taso a guje ya rungume Alhaji yana "Baba! Baba!" Zainulabideen ke nan. Ashe da kansa ya zo, cunkoso ya makarar da shi, ya zagaye filin jirgi har ya gaji, ya zauna a benci yana shirin kuka. A kan bencin ya tarar da wani tsoho zaune kan akwatinsa, shi ma an bar shi. Ɗaya ya rasa uba, ɗaya ya rasa mai ɗauka. Ba su da yaren da ya haɗa su, sai suka raba dabino.

Malam ya dubi tsohon. Ɗan tsamurmurin nan ne mai ƙananan idanu, wanda ya matsar gefe da hannunsa.

Zainulabideen ya ce, "Baba direba, bawan Allahn nan tun ɗazu yake nuna mini fasfonsa. Na Brazil ne. Ko shi kake nema?"

"Haba yaro. Wannan ai mutumin Sin ne. Dubi kunnen."

Alhaji Almustafa ya fizge wayar daga aljihun Malam, ya miƙa wa ɗansa, aka buɗe hoto. Ga tsoho nan, da farin gashinsa, da ƙananan idanunsa, har rigar da ke jikinsa ita ce a hoton. Malam ya kalli waya, ya kalli tsoho, ya sake kallon waya. Sai ya ce wai hoton ne aka yi kuskuren turowa.

Tsohon ne ya raba gardama. Ya leƙa wayar, ya ga hoton mai turowa a sama, ya buga ƙirjinsa ya ce, "Neuza!" da irin muryar da uba kaɗai ke kiran 'yarsa da ita. Malam ya sunkuya ya ɗauki akwatin tsohon.

Sunansa Massao. Kafin su fita daga filin jirgi Alhaji ya mayar da shi Masa'udu, kuma har ya koma ƙasarsu haka muke kiransa. Malam ya kwashe su duka a mota, ya sauke Alhaji da ɗansa, ya wuce da tsoho unguwar jakadu. A hanya bai karanta fuskar kowa ba.

Madam na tsaye a ƙofa, ta dawo daga taro ta tarar gida wayam, hankalinta ya tashi. Tana ganin tsoho ta ruga ta ɗaga shi sama cak, don ta fi shi girma nesa ba kusa ba, tana sumbatar farin gashin, shi kuma yana bubbuga bayanta yana dariya. Malam ya sauke akwati. Mai hankali da sai ya ba da haƙuri ya tafi. Shi kuwa ya tsaya yana murza hula, ya tattaro Larabcinsa na kasuwa.

"Madam, afuwan. Wannan baba, baba na haihuwa? Ko baba na riƙo?"

Madam ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta fassara wa tsoho, shi ma ya tuntsire. Suka ja Malam cikin falo, suka zaunar da shi, abin da bai taɓa yi ba a gidan, aka kawo gahawa. Tsoho ya zaro wayarsa ya buɗe hoton wani biki, mutane cike da tsakar gida.

Malam ya ce da ya ga hoton ya ɗauka taron ƙasashe ne. Ga wata baƙar mata mai ƙiba da farin ɗankwali, marigayiya uwar Madam, wadda aka kawo kakannin kakanninta daga ƙasashenmu na baƙar fata a zamanin bauta. Ga ƙanen Madam, fari mai ƙananan idanu kamar uban. Ga matarsa mai gashi kamar gemun masara, jikar Jamusawa. Ga mijin ƙanwar Madam, jikan Lebanawa, hanci har baka. Ga yara nan birjik, wani ja, wani baƙi, wani wankan tarwaɗa, wata baƙa mai koren ido. Malam ya duba kunnuwa har kansa ya yi ciwo. Tsoho na bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taɓa sai ya taɓa ƙirjinsa.

"Duka nasa ne," in ji Madam. "Duka Brazil."

Ta ce mahaifin tsoho daga Japan ya zo a jirgin ruwa, yana saurayi, aikin gonar gahawa. Sai tsoho ya yi wata magana a hankali, Madam ta daina dariya. Ta ce lokacin da aka haife ta, kakan nata ya zo ya leƙa ta, ya ce kyakkyawa ce, ya koma gida. Bai ɗauke ta ba. Ya ce bai ga gidansu a fuskarta ba. Ta girma tana ganin yana goya sauran jikoki a wuya, ita kuwa sai ya gaishe ta da ladabi. Har ya mutu da ladabi yake gaishe ta.

"Mutumin kirki ne," in ji ta. "Bai taɓa zagina ba. Da ma ya zage ni sau ɗaya."

Duk wannan ban ji shi a ranar ba. Abin da na gani kawai, Malam ya dawo bayan la'asar, ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa. Na shirya masa tsiya buhu guda, amma da na ga fuskarsa na haɗiye. Ya ci abinci kaɗan. Ranar Alhamis bai je wurin mai shayi ba. Na ce, "Malam, gobe suna. Me zan ce wa yarinyar nan?" Ya ce, "Goge mini farar rigata." Iyakar abin da na samu ke nan.

Safiyar Juma'a gidan su Shakir ya cika. Maza a falo, mu mata a ciki, labule tsakaninmu. Dangin Shakir sun dafa shinkafarsu mai kwakwa, ni na kai masa da miyar taushe. Liman ya zo, an zauna, babu Malam. Ya fita tun da sassafe da mota. Raliya na zaune da jariri a cinya, ta yi kwalliya, idanu sun kumbura. Ta ce, "Inna, a sa masa sunan baban Shakir kawai. Ba komai." Ƙarya take, da komai. Na ji kamar in fita in nemo mutumin nan in jawo shi da kunnen da yake dubawa a jikin mutane.

Sai muka ji hayaniya a matakala. Na ɗaga labule. Ga Malam da farar riga, bayansa Alhaji Almustafa da babbar riga wankakkiya tare da ɗansa Zainulabideen, bayansa Masa'udu an ɗora masa hula ta zarce kunnuwa, Madam Neuza a ƙarshe da abaya da ƙaton kwali na kaji a hannu. Wai gayyar suna ya je yi.

Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin labule ya ce, "A miƙo mini shi."

Na karɓi yaro daga cinyar uwarsa na miƙa. Ya karɓe shi a karkace, kamar mai ɗaukar tiren ƙwai. Na ga idonsa ya tafi kan kunne, na ce a raina, wallahi in ka duba ƙeyar nan yau sai dai a raba mu. Sai yaron ya buɗe 'yan idanunsa, ya ɗaure fuska tamau, ya yamutsa goshi, ya kalli kakansa kamar shi ma yana son sanin daga wace ƙasa aka kawo wannan.

Alhaji Almustafa ya leƙo ta kafaɗa. "To, Malam mai ido, ɗan ina ne?"

Malam bai kula shi ba. Ya ɗaga murya yadda za ta ratsa labule.

"Kai! Dubi mummuna! Ido kamar an tsaga da reza, kai kamar gwanda. Kai ne ka zo ka ƙwace mini mata? Da wannan hancin? To Zouera ta fi ƙarfinka, ko sadaki ba ka da shi, ƙazami, mai fitsarin kwance!"

Dangin Shakir suka zaro ido. Mahaifin Shakir ya fara miƙewa, Zainulabideen ya riƙo shi yana yi masa bayani da Larabci cikin sauri. Madam ba ta jira fassara ba, ta rufe baki da hannu. Ni kuwa na rangaɗa guɗar da na haɗiye tun asibiti, har maƙwabta suka leƙo.

A bayana na ji Raliya. Dariya take da kuka a haɗe, tana cewa da guntuwar Hausarta, "Inna, ya zage shi. Kin ji? Baba ya zage shi."

Liman ya tambayi suna. Malam ya faɗa da bakinsa, aka shafa fatiha. Sunan da ba na iya faɗa ne, don haka yanzu mutum biyu gare ni a duniya da ba na kira gatsau. Ƙaramin Angona nake ce masa.

Malam bai warke duka ba, kada in yi muku ƙarya. Har yanzu yana zungurina a Batha. Sai dai yanzu in ya je filin jirgi yana ɗaga kwali, sama sosai, da hannu biyu. Ranar hutu kuma ya saɓa takwaransa a kafaɗa ya tafi wurin mai shayi, suna tafe yana zaginsa. Kwanaki wani baƙo a wurin ya ga yaron, ya ga Malam, ya kasa haɗa su, ya ce, "Malam Fasfo, wannan kuma ɗan wace ƙasa ne?"

Harouna ya ce Malam ko kunnen yaron bai kalla ba. Ya gyara masa zama a kafaɗa ya ce, "Ɗan gidana ne."